Shin Ko Kun San? Zaurukan Hirar Da Ake Ɗinka Manhaja A Cikinsu

Shin ko kun san cewa wayar da ke aljihunku yanzu haka, Tecno ce ko Itel ko Samsung, tana aiki ne da gumin mutanen da yawancinsu ba su taɓa haɗa ido da juna ba? Manhajar Android da ke tafiyar da ita an ɗora ta ne a kan Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da fara ta ranar 25 ga Agustan 1991, yana ɗan shekara 21. Irin wannan ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Mu da ke Briqueterie, wato Brik, unguwar teloli, ba ma buƙatar dogon bayani: kamar tela ne ya ɗinka maka riga, sannan ya miƙa maka takardar yankan, ya ce kowa ya kwafa, kowa ya gyara wuyan yadda ya ga dama, wani lokaci da sharaɗin shi ma ya bar wa na baya tasa takardar. To, teloli dubu da ke ɗinka riga ɗaya, wani a Kano, wani a Tokiyo, wani a nan Yawunde, a ina suke zama su yi magana? A zauren hira na intanet. Shi ne majalisarsu, kamar yadda teburin mai shayi yake mana bayan sallar isha'i.

Shin ko kun san cewa kakan waɗannan zauruka ya girmi shafukan intanet da muke buɗewa yau? Sunansa IRC. Jarkko Oikarinen ne ya rubuta shi a Jami'ar Oulu ta Finlan cikin watan Agustan 1988. Babu hoto, babu murya, rubutu ne zalla layi bayan layi. Duk da haka, a 1991 da shi aka riƙa watsa labarin Yaƙin Tekun Fasha, da na yunƙurin juyin mulkin da aka yi a Mosko cikin Agustan shekarar, lokacin da aka toshe bakin kafofin yaɗa labarai. Har gobe akwai manyan ayyuka da ba su bar shi ba. Debian na nan a kansa.

Alamar nan ta # da matasanmu ke liƙawa gaban kowace kalma a Facebook, daga can ta fito. A IRC kusan kowane zaure da ita ake fara sunansa: #ubuntu, #debian, #python. Wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ne ya ba da shawara ranar 23 ga Agustan 2007 cewa a ɗauko ta a riƙa haɗa zance da ita a Twitter. Ta bar gidan ubanta ta yi suna a waje.

Shin ko kun san cewa Bahaushe ya fi Bature biyan kuɗin wuri a IRC? Ƙa'idar asali ta ce saƙo ɗaya ba zai wuce ma'auni 512 ba, har da adireshinsa. Harafin boko na gama-gari, kamar a ko b, ma'auni ɗaya yake ci. Amma ƙ da ɗ da ɓ namu masu lanƙwasa, kowanne biyu yake ci. Ka rubuta "ƙoƙari", ka biya kuɗin haruffa takwas alhali shida ka rubuta. Ba wani babban zalunci ba ne, amma yana nuna maka wa aka auna da aka yanka rigar.

Yanzu ga inda ake yin ta da mu. Shin ko kun san cewa a yawancin waɗannan zauruka doguwar gaisuwa kusan laifi ce? Akwai wata al'ada da suka daɗe a kanta: kada ka nemi izinin tambaya, yi tambayarka kawai. Mu kuwa tarbiyyarmu ta ce sai ka yi sallama, ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi iyali da sanyi, sannan a ce maka "lafiya dai ko?" kafin ka buɗe baki da abin da ya kawo ka. Na taɓa zama kusa da wani ɗan ƙanena da ke koyon rubuta manhaja, ya shiga wani zaure mai ɗaruruwan mutane ya rubuta sallama, ya zauna yana jiran a amsa. Shiru. Ya sake rubuta cewa yana da tambaya, ko akwai mai taimako. Shiru. Ya rufe kwamfutar ya ce mini, "Kawu, mutanen nan ba su da kirki." Na ce masa, "A'a ɗana, ba su san ka zo ba ne." Gaskiyar magana, sunayen da yake gani jere a gefe ba mutane ne zaune suna kallonsa ba. Wani barci yake yi a Kanada, wani yana bakin aikinsa a Indiya, kwamfutocinsu ne kawai a kunne. In mutum ya waiwayo bayan awa uku ya tarar da sallama kaɗai, me zai amsa? Amma in ya tarar an rubuta: ga abin da na so yi, ga abin da na gwada, ga saƙon kuskuren da ya fito mini, kuma ga irin na'urata, sai ya ajiye amsa, mai tambaya ya zo ya ɗauka ko da washegari ne. Ni dai ban ce a yar da gaisuwa ba, Allah ya kiyaye. A haɗa ta da tambayar a saƙo ɗaya. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya faɗi garin da za shi.

Su ma fa suna da tasu gaisuwar, ta raha. Da yake rana ba ta fito musu lokaci ɗaya, wasu zauruka sun yanke cewa duk wanda ya shigo safiya ce gare shi, duk wanda zai fita dare ne, ko da ƙarfe nawa agogonsa ya nuna. Taro kuwa da agogon UTC ake sa shi. Mu a Kamaru da Najeriya da Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya. In an ce ƙarfe 15:00, huɗu na yamma ke nan a Yawunde. Sai mutum ya yi la'asar da wuri.

Shin ko kun san cewa ɗan Afirka na farko da ya ci babbar kyautar gasar Google Code-in ɗan Kamaru ne? Nji Collins Gbah, daga Bamenda, yana ɗan shekara 17. Gasa ce da aka daina yi yanzu, ta yara 'yan shekara 13 zuwa 17, kuma ba jarrabawar aji ba ce: aikin gaske ake ba yaro a cikin buɗaɗɗiyar manhaja ta gaske, manya na duba masa, in ya kakare ya shiga zauren aikin ya yi tambaya. Shi da OpenMRS ya yi aiki, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya da aka fara a 2004, aka soma amfani da ita a Eldoret ta ƙasar Kenya. Ya kammala ayyuka 20, ya shiga cikin mutum 34 da suka yi nasara daga cikin yara sama da 1,300 na ƙasashe 62. Ga abin da ke sa jiki ya yi sanyi: an rufe karɓar aiki ranar 16 ga Janairun 2017, washegari 17 ga wata aka katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. Da katsewar ta riga da kwana biyu ko uku, wa ya san yadda labarin zai ƙare? Sai da yaron ya taso zuwa nan Yawunde, tafiyar kimanin kilomita 370, kafin ya ci gaba da hulɗa da duniya. Ba a mayar da layin ba sai 20 ga Afrilu, bayan sama da kwana 90.

A wancan lokacin ne masu rubuta manhaja na Buea, garin da ake wa kirari da Silicon Mountain, suka kama ɗaki a ƙauyen Bonako, bakin iyakar yankin Littoral inda sabis ke kamawa, suna zuwa can kullum su yi aiki su koma. Mu ma mun ɗanɗana kaɗan ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi ta rarrafe daga can har Kamaru. Zauren hira ba ya tambayar fasfo ko biza, gaskiya ne. Amma ƙofarsa waya ce, kuma wayar tana hannun wani.

Shin ko kun san cewa IRC na asali ba ya ajiye komai? Abin da aka faɗa ba ka nan ya wuce ka, tamkar hirar majalisa da aka yi kana gida. Wuta ta ɗauke maka minti goma, ka dawo ka tarar an ba ka amsa ta bi iska. Ga mutumin da wutarsa da layinsa ba sa yankewa wannan ƙaramin abu ne. Ga mu kuwa shi ne dukan matsalar. Shi ya sa gwanaye suka ƙirƙiro wata dabara: kwamfuta ta daban da ke zaune a zauren dare da rana da sunanka, tana tattara maka abin da aka ce, kamar yaron shago da ka bari ya ji maka saƙo. Wasu ayyukan kuma, irin Ubuntu, suna kwashe hirar zaurukansu ta kowace rana su ajiye a fili. Nan kuma sai a yi hattara. Magana zarar bunu ce. Baƙar maganar da ka yaɓa wa wani kana ɗan shekara 19 tana iya jiran ka ranar da kake neman aiki kana ɗan 30.

Wannan ya kawo mu ga abin da ni nake ganin ya fi kowanne nauyi a shafin yau. Shin ko kun san cewa manyan ayyuka da dama ba su yarda a yanke hukunci a zauren hira ba? Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999, tana da ƙa'ida sananniya: abin da ba a kawo shi a rubuce cikin wasiƙun imel na kowa da kowa ba, to bai faru ba. Ku yi hirarku yadda kuka so, ku fahimci juna, amma sai wani ya koma ya rubuta: ga abin da muka tattauna, ga abin da muke ganin ya dace, wa ke da ja? A kan manyan batutuwa sukan bar ƙofa a buɗe aƙalla awa 72, don wanda ke barci a wani ɓangaren duniya, ko wanda ya tafi jana'iza, ko wanda datarsa ta ƙare, ya samu ya sa baki. Linux kanta, duk girmanta, har yau ta imel ake aika gyare-gyarenta ana duba su. Wikipedia ta Turanci ma ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla a waje ba ta zama hujja sai an zo shafin tattaunawa an yi ta a gaban jama'a.

Duk telan da ya shekara goma a Brik ya san dalili. Mai kaya ya zo ana saura mako biyu salla, ana ta hira ana dariya, ya ce a yi masa hannu mai faɗi, aljihu biyu, aikin wuya ruwan toka. Tela ya ce "na ji, Alhaji." Ranar karɓa sai rigima: wannan ya ce ruwan toka ya ce, wancan ya rantse ruwan ƙasa ya ji. Wanda ya tsira shi ne mai littafi, wanda ya rubuta awo da launi da kuɗin kafin alƙalami, ya manna ƙyallen yadin a gefe. Hira ce ke kawo ciniki, ita ke sa a saba har a yarda da juna. Littafi kuma shi ke raba gardama. Aikin da ya mayar da zauren hira littafinsa, masu yawan zama a zauren ne za su mallake shi, wato marasa aikin yi da masu wutar da ba ta ɗaukewa.

Suna da magatakarda ma, amma ba mutum ba. A tarukan Debian da Fedora da Ubuntu an daɗe ana amfani da wata 'yar manhaja mai suna MeetBot. Shugaban taro ya ba ta umarnin buɗewa, duk inda aka amince da abu ya yi mata alama, duk wanda aka ɗora wa aiki a rubuta sunansa. Ana tashi ta fitar da taƙaitaccen rahoto. Uwar adashe da ke fama da littafi da biro duk ranar zubi za ta so irin wannan yarinya.

Shin ko kun san cewa an taɓa yin hijirar zauruka dubbai cikin 'yan kwanaki? A da, gidan da ya fi kowanne tara zaurukan buɗaɗɗun manhajoji shi ne Freenode, wanda Rob Levin ya assasa. Ya ɗauki wannan suna a 2002, shi kuma Levin ya rasu a 2006 bayan mota ta buge shi yana kan keke a birnin Houston. Shekara da shekaru 'yan sa-kai ke riƙe da gidan. A watan Mayun 2021 rikici ya ɓarke tsakaninsu da wani ɗan kasuwa, Andrew Lee, kan wa ke da iko da shi. Suka ce ƙwace ya yi, ya ce haƙƙinsa ne. Ma'aikatan suka ajiye aiki, ranar 19 ga Mayu suka buɗe sabon gida mai suna Libera Chat. Ubuntu ta kwashe kayanta, Wikimedia ta bi, Gentoo da Arch Linux ma haka. Da sabbin masu Freenode suka ga ana ta rubuta sabon adireshi a ƙofofin zauruka, sai suka ƙwace ɗaruruwan zaurukan a dare ɗaya. Wannan ne ya ƙarasa korar waɗanda ke shakka. Mu 'yan haya mun san wannan labari tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Abin da ya cece su shi ne IRC ba mallakar kowa ba ce, ƙa'ida ce a rubuce tun 1993, kowa na iya kafa nasa gidan a kanta. Sauya adireshi kawai suka yi, kayan aikinsu na nan yadda suke.

Slack kuwa, shin ko kun san daga wasan da ya faɗi ya fito? Kamfanin Stewart Butterfield wasan kwamfuta yake ginawa mai suna Glitch. Wasan bai karɓu ba, aka rufe shi a 2012, sai suka duba suka ga abin hirar da suka haɗa wa kansu a kan IRC ya fi wasan daraja. Suka gyara shi suka fitar a 2013. A ƙarshen 2020 kamfanin Salesforce ya sanar da sayensa kan dala biliyan 27.7, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ayyuka da yawa sun koma can saboda sauƙi da kyan gani. Sai dai na kyauta yana da ƙugiya: tun Satumban 2022 saƙon da ya wuce kwana 90 ba ka ganinsa sai ka biya, daga 2024 kuma wanda ya haura shekara share shi ake yi. Ka yi tunanin amsar da wani gwani ya ɓata awa guda yana rubutawa, bayan wata uku sabon shiga ya zo da tambayar nan tak, a sake daga farko.

Discord na 'yan wasan kwamfuta ne, an buɗe shi a 2015. A shekarar ce wata babbar ƙungiyar masu amfani da manhajar React ta koma can, bayan Slack ya hana ta ƙara mambobi don ta yi yawa. Yau sabbin ayyuka da yawa can suke. Aibinsa ɗaya da na Slack: abin da aka faɗa a ciki, mai bincike a Google ba ya ganinsa.

Akwai masu cewa abin kunya ne a gina buɗaɗɗiyar manhaja a rufaffen zaure, kuma ban ga laifinsu ba. Su ne suka rungumi Matrix, wadda Matthew Hodgson da Amandine Le Pape suka fara a 2014. Tsarinta kamar na imel ne: kowa na iya kafa uwar garkensa, kuma gidajen suna magana da juna, har kwafin hirar na zaune a kowane gida da ke da ɗan zaure. Gida biyu maganin gobara. Mozilla, masu Firefox, sun rufe IRC ɗinsu a Maris 2020 suka koma kanta, gwamnatin Faransa ma a kanta ta gina Tchap, manhajar hirar ma'aikatanta, a 2019. Zulip kuma wata dabara ta kawo: ba ka jefa magana a tsakar zaure, dole ka ba ta kan zance, don wanda ya kwana biyu bai leƙo ba ya karanta abin da ya shafe shi kaɗai. Masu harshen manhaja na Rust da ita suke aiki.

Na san abin da mai karatu ke cewa a ransa: mu dai WhatsApp muka sani. To shin ko kun san cewa shi ma da tubalin jama'a aka gina shi? Jan Koum da Brian Acton sun kafa shi a 2009, suka ɗora shi a kan ejabberd, buɗaɗɗiyar manhajar aika saƙo, a kan kwamfutoci masu tafiya da FreeBSD. Bayan Facebook ta saye shi a 2014 kan kusan dala biliyan 19, Koum ya ba gidauniyar FreeBSD kyautar dala miliyan ɗaya. Ya san inda ya sha ruwa. Amma a matsayin zauren aikin jama'a, ni a ganina WhatsApp ne mafi rauni. Rukuni ba ya wuce mutum 1,024, alhali na Telegram na kai 200,000. Wanda ya shigo yau sai ya tarar da zaure kamar an share. Lambar wayar mutum takan fita ga mutanen da bai sani ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana mata da yawa shiga, ko ya sa mazajensu da iyayensu su hana su. Sannan ga saƙon murya, abin ƙaunarmu. Minti bakwai mutum na bayani, rabin farko gaisuwa, ga ƙarar babur ga kukan yaro. Ba a iya binciko kalma a cikinsa, ba a iya kwafo layi ɗaya a gwada. Na yarda murya ta buɗe ƙofa ga wanda rubutun boko ke ba wuya, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma in an gama sauraro, wani ya ɗaure ya rubuta abin da aka ce cikin layi uku, ya kai inda za a same shi baɗi.

Shin ko kun san cewa ta hanyar kirki da haƙuri aka kusa yi wa duniya fashi a 2024? Akwai wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya ne kuma ke ɗawainiya da ita a lokacin hutunsa, Lasse Collin. Wajen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimakawa, aiki mai kyau, ba hayaniya. Can sai wasu sunaye suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa ya yi sanyi, ya ba wani dama. Ya gaji, ya miƙa wa Jia Tan mabuɗi. A farkon 2024 sai ga ɓoyayyiyar ƙofa an dasa a cikin manhajar, wadda za ta ba mai ita damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura shigarsa wata kwamfuta ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya tona asirin ranar 29 ga Maris. Rabin daƙiƙa! A unguwa in baƙo ya zo neman amana, akan tambayi mai masaukinsa, a san garinsu, a ga wa yake bi salla. A zauren hira suna kawai kake gani, kuma mutum ɗaya na iya zama mutum biyar.

Kada a ɗauka duk labarin na Turawa ne. Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin binciken harsunan Afirka ba ta taso daga wani ofishi ba? Masakhane, kalmar Zulu mai nufin mu gina tare, ta kafu ne a 2019 a taron Deep Learning Indaba na Nairobi, ta kuma girma a zauren Slack da taron mako-mako ta intanet. Ɗalibi a Zariya da malami a Afirka ta Kudu da mai digiri na uku a Jamus suna aiki ɗaya. A 2021 sun fitar da tarin bayanai na koya wa kwamfuta gane sunayen mutane da wurare cikin harsuna 10, har da Hausa. A zagaye na biyu suka kai 20, ciki har da Ghomala na yammacin Kamaru. Masu binciken HausaNLP, irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad da Idris Abdulmumin da Ibrahim Said Ahmad, suna cikin waɗanda suka jagoranci NaijaSenti a 2022 da AfriSenti mai harsuna 14 a 2023, inda ake koya wa kwamfuta bambance yabo da zagi a rubutun mutane. A Najeriya kuma Samson Goddy da Ada Nduka Oyom sun kafa Open Source Community Africa a 2018.

Wikipedia ta Hausa ma, mai dubun-dubatar maƙaloli, a kan buɗaɗɗiyar manhajar MediaWiki take. Wani abin sha'awa: Wikimedia na da gidan IRC na musamman inda ba mutum ke magana ba. Duk gyaran da aka yi a kowace Wikipedia, ko waƙafi ɗaya ne, nan take layi ke fitowa a zauren wannan harshe. Da shi masu sintiri da 'yan manhajojinsu suka daɗe suna kama masu ɓarna.

Saura batun harshe. Yawancin zaurukan nan da Turanci ake magana, kuma yaron Brik da ya yi makarantar Faransanci yakan tsaya a bakin ƙofa yana jin kunyar Turancinsa. Ya sani cewa da yawa daga cikin waɗanda ke ciki ma aro suka yi. Mutumin Brazil da na Jamus da na Sin duk da karyayyen Turanci suke fama, ba mai dariyar wani. Kuma ba rubuta manhaja ne kaɗai aiki ba. Ana neman mai fassara, ana neman mai gwadawa a ƙaramar waya da layi mai rauni ya faɗi inda ta maƙale, ana neman mai amsa wa sababbi tambayar da shi ma aka amsa masa jiya. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, yana da abin da injiniyan Kalifoniya ba shi da shi.

Na ƙarshe. Shin ko kun san cewa Mozilla na tara muryoyin mutane tun 2017 a wani aiki mai suna Common Voice, don kwamfuta ta koyi jin magana, kuma Hausa na cikin harsunan? Jimla ake nuna maka ka karanta da bakinka, mutum biyu su saurara su tabbatar daidai ne, sai ta shiga rumbun da kowa ke iya ɗiba kyauta. Hausar Brik ma Hausa ce, da karinta da komai. Mai waya da 'yar data, namiji ko mace, ya shiga ya karanta ko jimla biyar ce yau da dare. In wani abu ya shige masa duhu, zauren hirarsu na kan Matrix, ya yi sallama ya haɗa da tambayarsa a saƙo ɗaya.